Hoton Matar Malam Ya'u

Ku da kuke zaune a bencin nan kullum kuna jiran cajin waya, na sha jin kuna cewa hoto ya tashi daga sana'a, kowa ma mai hoto ne yanzu, dannawa kawai ake yi. Ban taɓa musa muku ba. Amma tunda yau janareto ya ƙi tashi, ba inda za ku, ku matso in gaya muku abin da ke gaban dannawar da abin da ke bayanta.

Aikin farko da na yi da hannuna hoton bijimi ne. Lokacin ina koyo a wurin Alhaji Ɗanjuma mai hoto, a bakin kasuwar Rano, Allah ya jiƙansa. Wani Bafulatani mai suna Ja'e ya janyo farin bijiminsa, ya ce zai sayar da shi ne a ranar, yana son a ɗauke su tare kafin su rabu. Abin aikinmu a zamanin akwati ne na katako mai ƙafa uku. Ka lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle ka saita, sannan ka cire murfin gaba ka ƙirga a zuci ka mayar. Duk wanda ya motsa a tsakanin nan ya ɓata takarda. To, ka gaya wa bijimi kada ya motsa! Sai da Ja'e ya rungumi wuyansa yana yi masa Fillanci a kunne sannan ya tsaya. A cikin akwatin akwai 'yan kwanonin ruwan wanke hoto guda biyu, ka zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinke a jiki, ka tsoma takardar a na farko ka tsoma a na biyu, duk da lalube, ido bai gani. Da na zaro ta sai ga farin bijimi ya fito baƙi ƙirin, shi kuma Ja'e fari fat kamar an shafe shi da toka. Ya daka tsalle ya ce wallahi wannan ba bijiminsa ba ne, an musanya masa. Da ƙyar Alhaji ya zaunar da shi, ya nuna masa cewa sai an sake ɗaukar wannan takardar kafin baƙi ya koma fari.

Daga baya aka shigo zamanin fim. Na sayi tawa kyamarar, na sayi tsohon babur, na shiga ƙauyuka: Rurum, Kibiya, Durba, Fammar, duk inda ake suna ko biki ko saukar karatu. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, saboda haka ba ka danna sai ka tabbata. Ka duba ina rana take, ka duba wa ya rufe ido, ka duba ko akwai akuya a bayan ango. In fim ya cika ka naɗe shi, ka hau mota zuwa Kano wurin masu wanke hoto mai kala, ka zauna kana addu'a. In haske ya shiga kyamara a hanya, bikin mutane guda ya tafi ke nan, kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Akwai wani malamin allo a Durba da ba ya yarda a ɗauke shi ko kusa, amma duk ɗalibin da ya sauke sai ya aiko a kira ni. Ya tsayar da yaron da allonsa mai zayyana, shi kuma ya koma bayana yana cewa, "Malam Sule, a fito da rubutun sosai, shi ne abin kallon."

Kowane mai hoto a lokacin yana da allon talla a ƙofar shago, inda yake manna waɗanda suka fi yin kyau. Wata rana Alhaji ya manna na wani saurayi ɗan tireda, an ɗauke shi da baƙin tabarau gaban labule mai zanen jirgin sama. Kafin la'asar uban yaron ya zo da sandarsa. Ya ce, "Alhaji, ɗana ya zo a yi masa hoto ne ko ya zo a kafa shi a kasuwa?" Alhaji ya ɓamɓare hoton ya miƙa masa da hannu biyu. Tun daga ranar ba a manna kowa a allon sai an tambaye shi. Haka na taras, haka na ci gaba a nawa shagon.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, aiki ya ja baya ƙwarai. Sallah ta zo ta wuce, labulena yana rataye ba wanda ya tsaya a gabansa. Na koyi kwamfuta da tsufana, na sayi injin buga hoto, na koma dogaro da fasfo na 'yan makaranta da maniyyata, na haɗa da cajin wayar nan da kuke gani. Amma in kun ji na ce mummunar shekara, ba wannan nake nufi ba. Shekarar ruwa nake nufi.

A damunar, ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Ginin ƙasa ya sha ruwa ya ƙoshi. Sai mai unguwar wani ƙauye da ke gaba da Fammar ya aiko mini, ya ce in zo in ɗauki gidajen da suka rushe da rumbunan da suka zube, za su kai wa hukuma ko Allah zai sa a duba su. Na naɗe kyamara a leda na ɗaure a ƙirji. Rabin hanyar ni na ɗauki babur ɗin, ba shi ya ɗauke ni ba. Na isa da hantsi, na taras da wata mota mai tsayin ƙafa ta wata ƙungiyar agaji daga Kano, su ma sun zo ganin ɓarna. A cikinsu akwai mai hotonsu, wani matashi mai fara'a sunansa Nasiru. Kyamarori biyu ne a wuyansa, bakin ɗaya ya kai tsawon damtsena. Ya gaishe ni da ladabi, har ya karɓi tawa ya jujjuya ya ce irinta ya fara koyo da ita.

Muna tsaye a wani kango ina ɗaukar rumbun da dawa ta tsiro a cikinsa, sai muka ji wani ƙara, rugum, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarmu. Sai ihun mace. Gidan Malam Ya'u ne, wani manomi mai sanyin hali, shi yana gona yana buɗe wa ruwa hanya. Bangon ɗakin matarsa Sa'ade ne ya kwanta ciki gaba ɗaya, 'yarsu Ummi, wadda ba ta daɗe da yaye ba, tana barci a ciki. Ita uwar tana tsakar gida tana wanki, da ɗaurin ƙirji, ba ko ɗankwali a kanta, kamar yadda kowace mace take a gidanta in ba baƙo. A irin wannan lokaci ba a neman izinin shiga. Duk namijin da ke kusa ya afka. Na ajiye kyamara a kan turmi, muka shiga tono, wasu da fartanya, wasu da hannu, ana ta salati. Da aka ɗaga azara aka zaro yarinyar, ba sai an gaya wa kowa ba. Sa'ade ta fizge ta daga hannun wanda ya ɗauko ta, ta zube a cikin taɓo, ta buɗe baki, amma sauti bai fito ba.

Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji wani sauti da na fi kowa saninsa a duniya: ƙyas, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na waiwaya. Nasiru ne, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a gefen katanga, dogon bakin nan yana kallon matar. Ko ƙiftawa ba ya yi. Ya ɗan gusa hagu don ya sami haske, ya ci gaba. Na tsaya da laka har gwiwar hannu ina kallonsa. Kafin wata tsohuwa ta kawo mayafi ta rufa wa Sa'ade, ya riga ya miƙe yana duba abin da ya samu.

Bayan an yi jana'iza na same shi a jikin motarsu. Na ce, "Malam Nasiru, matar aure ce fa, a cikin gidanta, ga gawa a hannunta."

Ya ce, "Baba, wallahi na sani. Amma ka gaya mini gaskiya, hoton bangon da ka ɗauka wa zai sa ya yi kuka? Waɗanda ke da abin bayarwa suna nesa. In ba su gani ba, ko kwano ɗaya ba za a kawo garin nan ba."

Na ce, "Ka tambayi mijinta?"

Ya ce, "Yau ranar tambaya ce? Kada ka damu, cikin rahoto kawai zai shiga, manya ne za su gani a ofis."

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Hotunan bango da rumbu da na buga wa mai unguwa an kai su inda aka kai su, har yau ba a ji komai ba. Amma kafin a yanke gero, motocin ƙungiyar nan suka dawo da kwanon rufi da siminti da buhunan masara. Gidaje da yawa sun tashi. Ɗakin Sa'ade ma da bulo aka mayar da shi. Wannan ya faru, da idona na gani.

Bayan kaka sai ga gayyata. Ƙungiyar za ta baje hotunan ambaliya a wani babban otal a Kano, suna son mai unguwa ya zo da mutum ɗaya cikin waɗanda abin ya shafa, ni ma aka ce in zo tunda ɗan sana'a ne. Mai unguwa ya zaɓi Malam Ya'u, don shi ne ya yi rashi. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, shuɗiya, muka kama hanya. A mota yana ta tambayata yadda ake godiya a irin wannan taro, ko a tsaye ake yi ko a zaune. Bai san an ɗauki wani hoto a gidansa ba. Ni kuma na riƙe maganar Nasiru cewa abin yana cikin rahoto.

Ɗakin taron sanyi kamar cikin randa. An jera hotuna a bango, kowanne da 'yar fitilarsa a sama. Ga gonaki a cikin ruwa, ga gada ta karye, ga mutane da kaya a ka. Ma'aikata suna yawo da faranti, lemo da 'yan gutsattsarin nama a tsinke. Maza da mata, har da Turawa, ana ta hira ana dariya ƙasa-ƙasa. Muka bi jerin a hankali. Da muka sha kwana sai na ja na tsaya.

A bangon ƙarshe, shi kaɗai, hoton ya fi ƙofar shagon nan tsawo da faɗi. Sa'ade ce zaune a taɓo. Kitsonta a tsefe rabi, kafaɗunta a waje, zanen ya zame har ana ganin abin da bai kamata wani namiji ya gani ba in ba mijinta ba. Bakinta a buɗe. Ummi a kan cinyarta, hannu ɗaya yana lilo da ɗan awarwaron roba. Aikin ya fito tas, ana iya ƙirga ɗigon ruwa a fatar matar. A ƙasa an rubuta sunan ƙauyen da Turanci. A gefen rubutun an manna wani ɗan jan tambari. Na tambayi wani ma'aikaci ma'anarsa, ya ce alama ce wani ya riga ya saya, zai kai gidansa in an tashi. Wasu 'yan mata biyu sun juya wa hoton baya, sun haɗa kai, sun ɗaga waya suna ɗaukar kansu da shi. Wani mai kwat, da kofi a hannu, yana nuna wa abokinsa yadda haske ya sauka a kafaɗarta.

Na juya in tare Malam Ya'u, amma ya riga ya gani. Ya tako a hankali har gaban hoton, ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Malam Sule, uwar Ummi ce wannan?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ce, "Duk mutanen nan sun gan ta?"

Sai ya kama babbar rigarsa ta wuya ya cire ta, ya rage daga shi sai 'yar shara. Ya yi miƙa zai rataya ta a saman hoton, tsawonsa bai kai ba. Ya ce, "Kawo mini kujera." Na janyo kujera ya hau, na riƙe masa gefe ɗaya, mai unguwa ya riƙe ɗayan, ya saƙala rigar a kan katakon da ya zagaye hoton. Ba ta rufe duka ba. Ta rufe matar daga kai zuwa cinya, ƙafafun yarinyar suka rage a waje.

Wani mai gadi ya taho da sauri, Nasiru ya sha gabansa ya tsayar da shi. Ya zo ya rusuna a gaban kujerar, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri ka saurare ni. Ba don wulaƙanci aka sa ba. Hoton nan shi ya kawo kwanon da ke kan ɗakinku, da na maƙwabtanka duka."

Malam Ya'u ya sauko daga kujerar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, ku zo ku kwashe kwanon."

A nan na waiwaya don in ga ko akwai wani babba da zai sa baki. Abin da na gani har yau yana idona. Wayoyi ne a sama, ko'ina, kamar an shuka su. Mutanen da suka zo kallon matar yanzu sun sami sabon abin ɗauka: tsoho da 'yar shara a gaban rigarsa. Har da mai matsowa kusa don ya sami fuskarsa sosai.

Sun sauke hoton a ranar, ba a kai wa mai sayen ba. Shugabar ƙungiyar ta ba da haƙuri har da hawaye. Muka dawo gida, tun daga Kano har Kibiya rigar tana ninke a cinyar Malam Ya'u. Amma abin da ya shiga waya ya fi ƙarfin a sauke shi daga bango. Kafin sati ya zagayo, bidiyon rigar ya iso Rano, hoton yana biye da shi, don duk wanda ya ga rigar sai ya so ganin abin da ta rufe. A bencin nan da kuke zaune na ga yara suna miƙa wa juna. Ƙanin Sa'ade da ke aikin gadi a Legas a wayar abokin aikinsa ya ga yayarsa. Ita kuwa ta daina fita. Ba biki, ba suna, ko gaisuwar mutuwa sai dai ta aika.

Da rani ya yi nisa sai Malam Ya'u ya zo shagon nan, ya ce maiɗakinsa tana son magana da ni. Na bi shi. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofar ciki cikin dogon hijabi, shi yana tsakaninmu. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta ce, "Malam, an ce kai ma kana wurin. Tambaya ɗaya gare ni. A hoton nan, fuskar Ummi ta fito?"

Na ce ta fito.

Ta ce, "Ba a taɓa yi mata hoto ba. Mun ce sai da Sallah. Yanzu in na rufe ido ina nemanta, sai in ga kamanninta suna guje mini. Za a iya ciro fuskar ita kaɗai, ban da ni?"

Na ce ana iyawa. Na nemi Nasiru ta hannun mai unguwa, ya turo mini asalin hoton a ranar, bai tambayi dalili ba. Na rufe shago na zauna gaban kwamfuta. Na yanke uwar, na yanke taɓon, na yanke hannun mai awarwaro, na bar daga goshi zuwa haɓa. Akwai laka a kumatu da gefen baki, na bi ta ɗigo-ɗigo na goge, ina ɗauko launin fata daga inda yake da tsabta ina cikewa. Akwai wani rauni a saman gira, na rufe shi. Na sa farin bango a baya. Da na gama, yarinya ce kawai tana barci. Na buga shi ɗan daidai tafin hannu, na sa masa leda mai tauri don kada damina ta ci shi. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban yi aikin da ya ci mini lokaci kamar wannan ɗan guntun ba.

Na kai musu da hantsi. Na miƙa wa Malam Ya'u, ya duba, ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta matsa inda haske yake shigowa. Ta daɗe tana kallo, ta sa ɗan yatsa tana shafa ledar daidai kumatun. Ba ta yi kuka ba.

Can ta ce, "Ita ce. Haka take barci, da baki a ɗan buɗe."

Na yi shirin tashi, sai ta ce, "Malam, shi yaron da ya ɗauka, ka ce masa ban riƙe shi ba. Da ya dawo bayan an share makoki ya nuna mini, ya ce ga abin da zai sa a taimaki mutane, wataƙila in ce ya rufe jikina ya nuna sauran. Wataƙila kuma in ce a'a. Amma ai da an tambaye ni." Ta sake duban hoton. "Mutanen Kano sun ga Ummi, na Legas sun gan ta, har Turawa sun gan ta. Ni da na haife ta, ni ce ta ƙarshe."

Ta sa hoton a cikin hijabinta, ta tashi ta shiga gida.